Ta Tashi Masa

Ran Talata da hantsi saƙon ya shigo. Ina zaune a madafa, a hawa na tara na benenmu da ke unguwar Minguettes, a Vénissieux gefen Lyon, ina jiran shayi ya huce. Lambar ta Ispanya ce. Ban san kowa a Ispanya ba sai ɗana Moutari, wanda rabona da jin muryarsa shekara huɗu ke nan da wata biyu. Na ɗauka shi ne ya gaji da taurin kai. Har na gyara zama na shirya abin da zan faɗa masa, don ban yi niyyar sassauta masa ba.

Ba muryarsa ba ce. Wani dattijo ne yake magana da yarensu, iska na kaɗawa a bayansa, karnuka na haushi. Cikin duk abin da ya faɗa abu uku na kama: sunan ɗana, da sunan shi mai maganar, Anselmo, da wata kalma, "tirado". Shekara talatin da ɗaya na yi a luzin, wato masana'anta, a Saint-Fons ina ɗaukar duro ina sauke duro, Faransancina na bakin leburori ne, amma kowa a ƙasar nan ya san "tirer". Harbi ne. A ƙarshen saƙon dattijon ya fashe da kuka.

Rékia, uwar Moutari, tana ɗaki tana guga. Ban kira ta ba. Na sa hula na sauka hawa na uku, na buga ƙofar Daouda.

Sai na faɗi abin da ke tsakanina da Daouda, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. Mutumin Maraɗi ne, ni na Damagaram, tare muka yi luzin. Shekara shida da suka wuce ɗansa Affan, mai shekara ashirin da biyu, ya faɗo daga tagar hawa na goma sha huɗu, ya bar takarda a kan gadonsa. Ni ne babba a ɗan masallacinmu na kartiye, wato unguwarmu. Na miƙe gaban jama'a na ce wanda ya ɗauki ransa da hannunsa ba zan tsaya masa a sahu ba, kuma bai kamata liman ya shige gaba ba, don yaranmu su ga abin su ji tsoro. Liman ya ce malamai sun yarda a yi masa salla. Na ce a yi, amma ban da ni. Mutum bakwai suka tsaya, wani ɗalibi ya ja su. Tun ranar ni da Daouda sai gaisuwa a asansar, na'urar da ke hawa da mu bene.

Amma shi ne ya iya waya a benen nan. Ya dube ni a bakin ƙofa, ya dubi wayar da ke hannuna.

"Alhaji Sadisu, lafiya?"

"Ka sa wannan abin ya fassara mini."

Ya haɗa wayata da tasa baki da baki, muryar dattijon ta fito, rubutu ya riƙa zuba a tasa. Ya karanta a zuci. Sai ya jawo kujera.

"Zauna, Alhaji."

"A tsaye zan ji."

"Moutari ya rasu. Jiya da safe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Na maimaita, na kama bayan kujerar. Na ce, "Wa ya harbe shi?"

Ya juyo mini da wayar. Ba na karatu da sauri, amma na haɗa: "Il s'est tiré dessus." Ya harbi kansa.

Daouda ya ce, "Tsaya. A sake."

Ya sake. Wannan karon wayar ta rubuta, "Le coup est parti." Harbin ne ya tashi. Ya sake na uku, ta koma maganar farko.

"Ka gani," in ji shi, "na'ura ce, ba ta da kunne. Kada ka ɗauki maganarta ka kai wa Hajiya. Ka je wurin Kausar a Paris. Ispanyol take ci da shi, kullum da direbobinsu take magana. Zan kira ta."

Kausar ɗiyarsa ce, yayar Affan. Ya faɗi sunanta bai ɗago kai ba.

Na hau sama na gaya wa Rékia ɗanta ya rasu, bindiga ce. Ta zauna a ƙasa kusa da teburin guga, ni na zare wayar wutar. Da kukan ya lafa ta ce, "Wa ya harbe shi?" Na ce shi zan je Paris in ji. Ta daɗe tana dubana. Ba ta ƙara tambaya ba, kuma Rékia ba wawiya ba ce.

Kafin azahar ƴan ƙungiyarmu ta ƴan Nijar sun shiga maganar takardu. Suka ce gawa za ta iso Lyon ran Litinin. Takardar alƙalin can, wadda za ta faɗi yadda abin ya auku, sai bayan watanni. Liman ya zo gaisuwa, da zai fita ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, in ka dawo sai ka gaya mana yadda aka yi, mu san shirin da za mu yi." Bai ce komai bayan haka ba. Ba sai ya ce ba. Dokar ni na kafa ta, da bakina, gaban mutanen da za su zo ran Litinin.

Laraba da safe na hau jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu. Awa biyu ina kallon gonaki suna wucewa cikin hazo da yayyafi. Ni mutum ne da maganar manya ba ta ƙarewa a bakinsa, yara har gudu suke in na buɗe baki, amma ranar na lalubo ko ɗaya ban samu wadda ta dace ba. Abin da ya riƙa dawowa shi ne ranar da Moutari ya bar gida. Na samo masa aiki a luzin da roƙo, ya yi wata biyar ya bari, wai warin wurin na sa masa ciwon kai. Na ce ni ban haifi ƙaton da zai zauna yana cin tuwon uwarsa da shekara ashirin da bakwai ba, ya fita, kada ya dawo sai ya zama mutum. Ya fita. Daga bakin Rékia na riƙa tsintar sauran: tsinkar zaitun, sannan gadi a wani babban daji na masu farautar fakara, shi da karnuka da wani tsoho.

Kausar na jira a bakin gar, tashar jirgin, da ƙaramar motarta. Ta rusuna yadda ya kamata.

"Baba Alhaji, sannu da hanya. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Moutari. Ya Hajiya?"

"Tana nan yadda kika sani."

Ba ta rage komai cikin gaisuwar ba, ba ta kuma ƙara komai ba. Ta ja mu zuwa Rungis, babbar kasuwar abinci, inda take aiki a buro, wato ofishin wasu masu shigo da lemo da tumatir daga Ispanya. Mun isa rana ta yi, cinikin ya watse, sai masu shara da ƙamshin lemon da aka tattake. Buron nata ɗan ɗaki ne a sama, da taga mai kallon inda kamiyo, manyan motocin nan, ke sauke kaya. Ta rufe ƙofa, ta sa abin saurare a kunne, ta ji saƙon sau uku. Sannan ta jawo wata takardar kaya ta juya bayanta, ta ɗauki biro.

Na ce, "Na ji 'tirado' da kunnena. Wannan ko ni na sani."

"Ba ka sani ba, Baba. Nan ne duk mai Faransanci yake faɗawa rami. 'Tirar' nasu ba 'tirer' ɗinmu ba ne. Mafarauta suna harbi da shi, gaskiya, amma yawanci jifa ne, ko yar da abu. Ya ce ya tarar da shi 'tirado', yana yashe a ƙasa. Shi ke nan. Ba harbi a ciki."

Na ji kunya kaɗan. Kwana ɗaya cur ina riƙe da kalmar nan kamar shaida.

"Kalmar da muke nema ita ce wannan." Ta rubuta da manyan baƙaƙe: DISPARAR. "Ita ce harbi. Mu a Hausa harbi ɗaya ne, na bindiga, na jaki, na kunama. Su sun rarraba. In soja suka jera mutum a bango, 'fusilar' ne. In aka yi ta ruwan wuta a titi, 'tirotear'. Wannan kuwa ta kowa ce, sai dai ƙananan kalmomin da ke gabanta su ke nuna mai laifi."

Ta rubuta layi uku, tana karantawa tana nuna mini da bakin biro.

"'Le dispararon.' An harbe shi, wasu ne. Bai faɗi wannan ba, na tabbata. 'Se disparó.' Wannan fuska biyu gare ta. In mutum ake nufi, ya harbi kansa. In bindiga ake nufi, ita ta tashi da kanta. Ko farashin tumatir ya hau sama haka suke cewa, kullum ina ji. Shi ya sa wayar Babana take ta juyawa. Na uku, 'se le disparó.' Ta tashi masa. Tana hannunsa, amma ba nufinsa ba ne."

"Ta tashi masa," na ce.

"Kamar yadda muke cewa kwano ya suɓuce mini. Direbobin nan da kake gani ƙasa, shekara biyar ina aiki da su, ba wanda ya taɓa ya da kwali. Kullum kwalin ne ke faɗo musu."

Na dubi layi na biyu da na uku. Bambancinsu baƙaƙe biyu ne, L da E. Na ɗora yatsa a kansu, suka ɓace ƙarƙashin farcena.

"To wanne ya faɗa?"

Ta cire abin sauraren, ta buɗe muryar mu ji tare. Ta kai daidai wurin ta tsayar, ta mayar baya, ta sake. Dattijon ya ce "se", sai iska ta bugi wayar, shi kuma ya ja numfashi irin na mai kuka, sai "disparó". A tsakani akwai wani abu. Ko harshe ne, ko shessheƙa ce, ko iskar. Mun ji ya fi sau ashirin.

"Akwai abu ɗaya da ke gefenka," in ji ta. "Mutumin ƙauye irin wannan, in yana nufin mutum ya kashe kansa, ba kasafai yake zagaye ba. 'Se pegó un tiro' zai ce, ya ɗirka wa kansa harsashi. Bai ce haka ba."

"To ke me kika ji?"

Ta ajiye biro. "Me kake so in ji, Baba?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Gaskiya nake so. Ban hau jirgi don a lallashe ni ba."

"In na ce akwai 'le', za ka ce tausayinka na ji. In na ce babu, za ka ce ramuwa na yi."

"Kausar, ki san da wa kike magana."

"Na sani. Da wanda ya miƙe a masallaci nake magana. Ina bayan labule ranar, na ji kowace kalma." Muryarta ba ta hau ba. "Da Affan ya faɗo, ba wanda ya hau jirgi ya je neman baƙaƙe biyu."

"Affan ya bar takarda."

"Ka karanta ta?"

"A'a."

"Ba wanda ya nemi ya gani. Ni kaɗai da Babana."

Yarinyar da na yanka wa ragon suna da hannuna ce take gaya mini haka. Da wata ranar ce, da na tashi na bar mata ɗakin. Na zauna. A ƙasa wani yana wanke daɓe da tiyo, muna jin ruwan yana bugun ƙarfe.

Can ta ce, "Mutumin yana raye. Mu kira shi."

Ya ɗauka a bugu na biyu. Da ta gaya masa uban Moutari ne a gefenta, sai ya yi ta magana a hankali. Ta ce yana mini gaisuwa, ya ce bai taɓa aiki da yaro mai amana irin nawa ba, ya ce karnukan sun ƙi cin abinci. Na ce ta gode masa, ta tambaye shi kalmar.

Wannan karon ba iska. Na ji da kunnena, sau biyu, a fili: "Se le disparó. Se le disparó."

Wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na ce alhamdu lillahi. Da na tashi a nan na koma Lyon, da na kwana lafiya. Amma ni ba na barin magana rabi, halina ne, kuma halin nan bai taɓa ba ni hutu ba.

Na ce, "Tambaye shi, yana wurin?"

Ta tambaya. Ya amsa. Ba ya wurin. Yana gyaran shinge a ƙasan tudu ya ji ƙarar, ya ɗauka dila Moutari ya harba. Sai da hantsi ya hau ya same shi a ɗakin ajiya. Bindigar na gefensa, da tsumma, da kwalbar mai a buɗe, irin na mai goge bindiga.

Sai dattijon ya ci gaba. Ya yi magana mai tsawo, yana tsayawa yana ci gaba. Kausar ta ce "sí", ta ce "sí", ta yi masa godiya, ta kashe wayar.

"Ya ce Allah ya ba ka haƙuri."

"Ya yi magana mai tsawo, kin ba ni gajera."

"Baba, ka samu abin da ka zo nema."

"Ki ba ni sauran."

Ta dubi taga. Sannan ta ba ni, ba ta rage ba. Ya ce abin da ya kasa ganewa shi ne, Moutari ya fi kowa tsoron bindiga. Ba ya shiga ɗaki da ita sai ya buɗe ta ya zare harsashi, har faɗa yake wa baƙin da ke zuwa farauta a kan haka. Shekara uku bai ga ya yi sakaci ko sau ɗaya ba. Kuma safiyar ranar ya cika wa karnuka ruwa da abinci fiye da yadda ya saba, kamar na kwana biyu. Amma, in ji dattijon, wataƙila gari yake shirin shiga, yakan yi haka in zai shiga gari. Kuma wanda ya fi kowa kiyayewa ma yakan manta sau ɗaya.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan." Ta naɗe takardar da ta yi rubutu a kai. "Akwai abin da bai ce ba, ni zan gaya maka, tunda gaskiya kake so. Wani tsohon direba ya taɓa ba ni labari, wai a ƙauyukansu da, wanda ya kashe kansa ba a binne shi cikin mutane. Sai ya zamana ba wanda ke kashe kansa. Kowa bindiga yake gogewa ta tashi masa. Haka ake gaya wa limaminsu, haka ake gaya wa uwa. Wani lokaci gaskiya ce. Wani lokaci sutura ce. Kalmar ɗaya ce, ba ka iya bambancewa daga waje."

"Shi Anselmo wanne yake nufi?"

"Ina jin shi ma bai sani ba. Ya zaɓi wadda zai iya gaya wa uba."

Ta mayar da ni gar. A hanya, a wata danja, ta ce in ci wani abu kafin jirgi, fuskata ta yi fari. Da zan sauka ta miƙo mini takardar. Na ce, "Kausar." Ta jira. Ban san yadda ake fara irin maganar ba, ban taɓa yi ba. Na ce ta gaida mijinta. Ta ce zai ji.

Na iso Vénissieux ana kiran la'asar. Ban hau gida ba, na shiga masallaci. Bayan sallama ba wanda ya tashi. Mutum wajen ashirin, duk sun san inda na je, ko da yake Daouda bai gaya wa kowa abin da wayarsa ta rubuta ba, wannan na tabbata. Yana can ƙarshen sahu yana jan carbi.

Liman ya juyo. "Alhaji, sannu da hanya. Me aka ce?"

Tun daga Paris nake juya amsar. Shekara saba'in da ɗaya ban yi wa jama'a ƙarya ba, shi ya sa in na yi magana ake shiru. Zan iya cewa ban sani ba. Ita ce gaskiyar. Amma in na ce ban sani ba, kowa zai koma gida ya san abin da ya ga dama, kuma kafin magariba mata sun kai wa Rékia.

Na ce, "Mun yi magana da mutumin da ya same shi. Bindigar gadi yake gogewa. Ta tashi masa."

Ban ƙara ko kalma a kan abin da dattijon ya faɗa ba. Ban kuma faɗi maganar karnuka ba.

Masallaci ya ɗauka da salati. Wani ya ce ƙaddara, wani ya ce ai wannan kusan shahada ce, a bakin neman halal. Liman ya ce to ran Litinin bayan azahar, shi zai ja. Suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu. Daouda ya zo a ƙarshe, ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya saki ya fita.

Haka na gaya wa Rékia a gida, da kalmomin nan. Ta ce, "To." Ta tashi ta ɗora tukunya don masu zuwa gaisuwa.

Ran Litinin an yi ruwa tun safe. Akwatin ya iso a rufe, ba a bari mun buɗe ba. Sahu huɗu aka yi, har da Larabawa da ƴan Senegal na kartiye. Na tsaya bayan liman. Da aka yi kabbara ta uku, inda ake roƙa wa mamaci gafara, na roƙa masa irin roƙon da ake wa wanda ba a san abin da ya tafi da shi ba. Ban taɓa tsawaita addu'a a wurin nan haka ba, har liman ya yi ta huɗu ina baya.

Bayan kwana uku baƙi suka ragu. Da la'asar sakaliya muna zaune mu biyu a falo, Rékia tana ware kwanonin maƙwabta da za a mayar, wannan na hawa na biyar, wannan na matar liman. Ba ta dube ni ba ta ce, "Alhaji, akwai maganar da ban gaya maka ba."

"Ina ji."

"Ya kira ni ran Lahadi. Ana gobe abin."

Na ajiye carbi.

"Ya tambayi lafiyar kowa. Ya ce sanyi ya shigo can. Ya yi dariya ma, wai wata karyarsu ta haifi takwas. Sai ya ce, 'Inna, ba Baba waya.'" Ta ɗora wani kwano a kan wani. "Shekara huɗu bai taɓa cewa haka ba. Kana zaune nan, a kujerar nan, kana jin rediyo. Na leƙo na dube ka. Na koma na ce masa kana barci."

"Me ya ce?"

"Ya ce to, a bar shi ya huta."

Ruwa na sauka a taga. A hawan sama wani yana jan kujera.

"Tsoro na ji," ta ce. "Kada in miƙa maka ka ƙi, shi kuma yana ji. Tun ranar ba na barci. Ka gaya mini, don Allah, kada ka lallashe ni. Da na miƙa maka, za ka karɓa?"

Na san amsar da za ta ƙara mata nauyi, na san wadda za ta sauke mata. Wannan karon gaskiyar ita ce mai sauke mata, ni kuma ta dawo kaina gaba ɗaya.

Na ce, "A'a. Da ban karɓa ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauki kwanonin hawa na biyar, ta ce bari ta kai kafin magariba. Na ji ƙofa ta rufe, na ji asansar ya zo ya tafi da ita.